Sun ci ɗari bisa ɗari a waya, a takarda kuma sun zube

Malamar Kimiyya:
Assalamu alaikum malamai, dan Allah shawara nake nema domin abin nan ya tsaya min a rai tun jiya. Sati biyu da suka wuce na zauna na haɗa wa 'yan ajina irin aikin nan na haɗa tambaya da amsarta, wanda yaro zai ja amsa da yatsa ya kai ta gaban tambayar da ta dace, da JMatch na yi shi wanda ke cikin Hot Potatoes, manhajar nan ta haɗa wa ɗalibai aikin gwaji a kwamfuta, sai da na kwana biyu ina fama dashi kafin ya fito yadda nake so har hotuna na saka. Na tura musu nace kowa ya yi ya ɗauki hoton makinsa ya turo min. Su 41 ne, 36 suka turo ɗari bisa ɗari, wallahi har naji daɗi nace alhamdulillahi darasi ya shiga. To jiya na basu gwaji a takarda akan abubuwan nan dai, ban canja komai ba illa babu amsoshi a gefe kowa zai rubuta da kansa, fiye da rabinsu basu samu rabin maki ba. Shine nake tambaya, manhajar ce bata da kyau in canja wata ko kuwa ni ce na yi kuskure a wani wajen?

Mai Kula da Ɗakin Kwamfuta:
Wa alaikumussalam Malama. Kafin a yi nisa, a ina kika ɗora shi? Fayil ɗin shafin kawai kika tura musu ko yana cikin Moodle ne, dandalin nan da makarantu ke ɗora darussa da gwaji a intanet?

Malamar Kimiyya:
Fayil ɗin kawai, bamu da Moodle. Suna buɗewa da burauza a waya.

Mai Kula da Ɗakin Kwamfuta:
Toh ai kinga rabin amsar nan kenan. Shafin da JMatch ke fitarwa baya ajiye komai, idan yaro ya danna wajen dubawa waɗanda ya dace zasu tsaya waɗanda ya kuskure su koma, makinsa ya ragu kaɗan saboda kuskuren, shi kuma ya riga ya ga wanne ne daidai, sai kawai ya sake loda shafin komai ya dawo sabo fil kamar bai taɓa shi ba, ya yi a karo na biyu ko na uku ya samu ɗari ya ɗauki hoto ya turo miki. Ba wai sun yi miki ƙeta bane fa, ko ni aka ba wa haka zan yi. Kuma wanda ya ɗan san kan kwamfuta zai iya buɗe asalin rubutun shafin ya lalubo amsoshin tunda duk a ciki suke, babu wata uwar garke da ke riƙe dasu. Shi Hot Potatoes tun farko ba don jarabawa aka yi shi ba, a Jami'ar Victoria ta Kanada aka ƙirƙire shi wajajen 1998 don masu koyon harshe su riƙa gwada kansu da kansu, a 2009 aka mayar dashi kyauta. Abin motsa ƙwaƙwalwa ne, ba ma'auni ba.

Malamin Lissafi:
Gaskiya ne maganar sake lodawa amma ni inaga ba anan gizo ke saƙar ba. Malama dan Allah rubuto mana tambayoyin da amsoshin yadda kika jera su mu gani.

Malamar Kimiyya:
Guda biyar ne. A hagu akwai zuciya, H2O, Alexander Fleming, 206, sai Mars. A dama kuma akwai tana harba jini zuwa sassan jiki, ruwa, shi ya gano penisilin a 1928, adadin ƙasusuwan babban mutum, sai jar duniyar da ke maƙwabtaka da tamu.

Malamin Lissafi:
Yauwa. Malama kiyi haƙuri da abinda zan faɗa, wannan ko wanda bai taɓa shiga ajinki ba zai cinye shi tas. Duba ki gani, sunan mutum guda ɗaya ne a hagu, a dama ma magana ɗaya ce ta ce "shi ya gano", an gama da wannan. Lamba guda ɗaya ce, kalmar adadi ma sau ɗaya ta fito, an gama. Jini kowa ya san da zuciya yake tafiya. Saura biyu, ruwa da duniya, kuma H2O ko a jikin kwalba yaro ya sha gani. Kinga bai buƙaci ya san Fleming ko ƙasusuwa ba, abinda ya yi shine ya ware mutum daban, lamba daban, gaɓa daban. Kin gwada iya rarrabewarsu ne, su kuma sun iya, shi yasa suka ci. A takarda da kika ce ƙasusuwa nawa ne babu inda zai kama.

Sannan akwai lissafin da mutane basu cika lura dashi ba. Idan tambaya biyar ce amsa biyar kuma kowace amsa sau ɗaya ake amfani da ita, babu yadda za a yi yaro ya samu huɗu cif, wanda ya san huɗu ta biyar kyauta ce domin ita kaɗai ta rage. Wanda ya san uku, biyun da suka rage canki-canka ne rabi da rabi ya cinye duka. Wato da sanin kashi 60 yaro na iya fitowa da kashi 100 kuma ba sau ɗaya ba. Hanyoyin jera abu biyar 120 ne, yana da yawa a ido, amma duk guda ɗaya da yaro ya cire lissafin rushewa yake, daga 120 zuwa 24 zuwa 6 zuwa 2.

Malamar Kimiyya:
Innalillahi. Wallahi Malam sai yanzu da ka faɗa na sake karantawa na gani, ni a tunanina na haɗa musu duk abinda muka yi a watan ne wuri ɗaya don ya zama bita.

Malamar Hausa:
'Yar'uwa kar ki damu duk mun yi irinsa. Ni akwai wani abu ma da na gani wanda Malam bai ambata ba, kin rubuta "tana harba jini". Wannan "tana" ɗin kaɗai ta tona asiri, domin a jerinki wace kalma ce mace ƙarara in ba zuciya ba? Mu masu rubuta aiki da Hausa wannan tarkon namu ne na musamman, yana da tana, shi da ita, ne da ce, duk suna nuna wa yaro hanya tun kafin ya yi tunani. Ko da kin gyara kin mayar da jerin duka gaɓoɓin jiki, idan kika sa huhu a tsakanin zuciya da hanta da ƙoda kika rubuta "yana shigar da iska cikin jini" to kin bayar da shi kyauta tunda shi kaɗai ne namiji a cikinsu. Abinda nake yi yanzu shine in cire wakilin suna gaba ɗaya, in rubuta "harba jini zuwa sassan jiki", "tace jini da samar da fitsari", haka. Jam'i ma haka yake, in ka rubuta "suna" alhali abu ɗaya ne jam'i a jerin an gama.

Malamin Lissafi:
Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba Malama, Allah ya ƙara basira. Mu namu lambobi ne basu da mace basu da namiji.

Ɗaliba Mai Koyon Koyarwa:
Malamai ku gafarce ni ni ƙarama ce a cikinku, amma me zai hana a bar Hot Potatoes ɗin nan ya tsufa fa, ga Wordwall ga Quizlet ga LearningApps minti biyar ka gama kuma yara na sonsu, na Quizlet ma har agogo gare shi suna gasar wa zai fi sauri, ranar da na gwada a ajin da nake koyon aiki har waɗanda basa magana sai da suka tashi tsaye

Mai Kula da Ɗakin Kwamfuta:
Ƙanwata suna da kyau ba musu, amma ki ɗauki jerin nan na Malama ki zuba a Wordwall, sakamakon ɗaya ne sai dai ya fi kyan kala. Kuma waɗannan galibi sai da intanet a buɗe, shi kuwa shafin JMatch da zarar ya sauka a waya ko babu data zai yi aiki, wannan ba ƙaramin abu bane ga yaron da wayar gidansu ake ara masa na ɗan lokaci.

Malamar Hausa:
Ni agogon nan ne ma bana so. Na lura idan ana gasar sauri yaro baya karanta amsa har ƙarshe, kalmar farko yake haddacewa da tsawon layin, ya ga doguwar nan ta wancan ce gajeriyar nan ta wannan ce. A zagaye na uku hannunsa ne ke aiki ba kansa ba. Kuma yarinyar da ke karatu a hankali amma tana fahimta ita ce kullum a ƙasan jeri, sai ta ɗauka bata iya ba.

Ɗaliba Mai Koyon Koyarwa:
Haka ne Malama amma ai tashin da suka yi ma wani abu ne ko? Ajin da kowa ke gyangyaɗi da wanda ake rige-rige ba ɗaya bane. Ni dai a ganina a bar musu wasan a ƙarshen darasi, kawai kar a rubuta makin a rijista.

Malamar Hausa:
In dai haka ne na yarda dake, a matsayin wasa ba matsala.

Tsohon Hedimasta:
Assalamu alaikum. Na bi maganganunku tun daga sama kuma na ji daɗin yadda kuke yi wa juna gyara cikin mutunci. Shekara talatin da wani abu na yi ina koyarwa, wannan aikin da alli muke yin sa, jeri biyu a allo yaro ya fito ya ja layi, kuma ƙa'idojin da aka koya mana a kwalejin horon malamai su ne dai irin waɗannan da Malamin Lissafi ya taɓo: jerin ya zama jinsi ɗaya, amsoshi su fi tambayoyi yawa, kada ya yi tsawo har ya tsallaka shafi, doguwar magana a hagu gajeriyar amsa a dama domin ita ce ido ke ta komawa kanta, kuma a faɗa wa yaro a sama ko ana iya amfani da amsa ɗaya sau biyu. Abin da ke damuna da na'urorin nan shi ne sauƙinsu, malami ya ga akwatuna a buɗe sai ya yi ta cikawa, tunanin da ya kamata ya yi kafin ya ɗauki alli ya tsallake shi. 'Yata Malamar Kimiyya, kin ce kwana biyu kika yi kina fama. A cikin kwana biyun nan, awa nawa kika ba tambayoyin kansu?

Malamar Kimiyya:
Baba gaskiya bai fi minti goma ba, sauran duk akan hotuna da kala da yadda zai zauna daidai a fuskar waya ya tafi.

Tsohon Hedimasta:
To ki juya shi. Ki rubuta a takarda tukuna, ki ba wani wanda bai san darasin ba, ko malamin wani fanni ko wani a gida, ki ce ya gwada. Duk wadda ya ci ba tare da sani ba, akwai ƙofar da kika bari a buɗe a wurin.

Mai Kula da Ɗakin Kwamfuta:
Ranka ya daɗe wannan shawarar ta gwaji na ɗauka har ni. Amma zan ɗan kare na'urar, akwai abinda take yi wanda alli bazai yi ba. A allo yaro ɗaya ne ke fitowa saura arba'in na kallo, a takarda kuma sai malami ya kwashe ya je ya duba ya dawo bayan kwana uku lokacin yaron ya manta ma me ya sa ya zaɓi abinda ya zaɓa. Anan kuwa nan take yake ganin kuskurensa yana kan tunanin, kuma duk buɗewa jerin na sake hautsinewa saboda haka bazai haddace cewa ta uku ta farko ce ba. Sake lodawar nan da nace suna yi, idan tambayoyin masu kyau ne ai ita ce ribar, yaro ya maimaita sau biyar da son ransa ba wanda ya tsare shi da bulala.

Tsohon Hedimasta:
Ban musa ba ɗana. Maimaici da gyara nan take alheri ne. Sai dai a riƙa tunawa gane amsa idan an gan ta daban, ciro ta daga ka daban, kuma na biyun shi ake nema ranar jarrabawa. Aikin haɗawa matakin farko ne, bayansa sai a kawo cike gurbi inda babu abin da za a zaɓa.

Malamin Lissafi:
JCloze kenan a cikin Hot Potatoes ɗin dai, tunda guda biyar ne a kunshin, JMatch, JCloze, JQuiz, JMix da JCross, sai Masher mai ɗinke su wuri ɗaya. Malama zaki iya sa yaro in ya gama haɗawa maɓallin gaba ya kai shi cike gurbi akan abu ɗaya.

Malamar Kimiyya:
Toh yanzu maganar maki fa? Ina so in san wa ya yi, sau nawa ya gwada, ina ya fi kuskure, ba hoton da suka zaɓa suka turo min ba.

Mai Kula da Ɗakin Kwamfuta:
Wannan sai da wurin da ke ajiye bayanai. In makaranta zata iya kafa Moodle shine ya fi, yana da nau'in tambayar haɗawa a cikinsa, sharaɗinsa aƙalla tambaya biyu da amsa uku, kuma in kina son ƙarin amsar ruɗu sai ki rubuta amsar ki bar gurbin tambayar fanko, shikenan ta shiga jeri bata da abokiya. Yana yarda amsa ɗaya ta zama ta tambaya biyu, yana raba maki daidai tsakanin tambayoyin, ki ƙayyade sau nawa za a gwada, ki ga kowa da abinda ya zaɓa. Tun daga Moodle 3.9 a 2020 ma H5P na ciki, wato wani kayan haɗa wa ɗalibai ayyuka wanda ke da jan kalma zuwa gurbi da haɗa hoto da hoto, na jan kalmar sauƙi gare shi sosai rubutu kawai zaki yi ki sa tauraro gaba da bayan kalmar da kike so a ja. In babu Moodle akwai Lumi, manhaja ce da ake sa wa a kwamfuta a gina H5P ba intanet a fitar dashi shafi guda, amma nan kin koma gidan jiya wajen maki.

Mafi sauƙi gareki yanzu yanzu shine Google Forms, ki mayar dashi gwaji ki zaɓi tambaya mai layi da ginshiƙi, tambayoyi a layuka amsoshi a ginshiƙai, makin kowa zai zo miki a tebur. Aibinsa a waya in ginshiƙan sun yi yawa sai an riƙa jan shafin gefe, yaro ya kai ƙarshe ya manta kan ginshiƙin, saboda haka amsoshin su zama kalma ɗaya ɗaya.

Wani abu kuma tunda a waya suke yi, ki gwada jan katin da yatsanki a ƙaramar waya kafin ki tura, ba a laftof da linzami ba. Na sha ganin yaro na son ya ja kati shafin gaba ɗaya na tafiya sama, ko katin ya faɗa gurbin maƙwabci a rubuta masa kuskure alhali ya sani. JMatch na iya fitar da aiki ɗaya ta siga uku, na ja da ajiyewa, na zaɓa daga jerin da ke saukowa, da na katin bita, fayil ɗinki ɗaya ne baki sake rubuta komai ba. Ga waya na jerin da ke saukowa ya fi zama lafiya ko da bai kai ɗayan ban sha'awa ba.

Malamar Hausa:
Ƙari akan wannan, duk mai rubutawa da Hausa ya duba ƙ da ɗ da ɓ a wayar wani ba tasa kaɗai ba, na taɓa tura aiki haruffan suka koma akwatuna a wasu wayoyin saboda salon rubutun da na zaɓa bashi dasu, ƙoda ta zama akwati da oda, yaran suka yi ta tambayata. Kuma ku ajiye tambayoyinku a wani fayil na rubutu daban, waɗanda suka gina ayyukansu da manhajar Flash sun ga yadda aka yi da aka rufe shi ƙarshen 2020.

Malamar Kimiyya:
Na gode ƙwarai wallahi, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abinda na sake rubutawa a takarda kamar yadda Baba ya ce, ku duba min. A hagu ayyuka biyar: harba jini zuwa sassan jiki, samar da fitsari, adana fitsari, samar da ruwan ɗaci, shigar da iskar oksijin cikin jini. A dama gaɓoɓi bakwai: zuciya, huhu, ƙoda, mafitsara, hanta, matsarmama, saifa.

Malamin Lissafi:
Yanzu aka zo wajen. Wanda ya san huɗu yanzu uku ne ke gabansa a ta ƙarshe ba ɗaya ba. Kuma matsarmama ruɗu ce mai kyau domin da yawa zasu ɗauka ita ke samar da ɗacin alhali ajiyewa kawai take yi, hanta ce ke yi.

Malamar Hausa:
Gyara ɗaya 'yar'uwa, mafitsara da fitsari ai sunan ya riga ya faɗa, yaro zai san ɗaya daga cikin biyun nan tata ce. Amma tunda kin sa samarwa da adanawa duka biyun dole sai ya tsaya ya bambance, ni da zan bar shi haka.

Tsohon Hedimasta:
A bar shi. Wanda ya kai mafitsara wajen samarwa ya nuna miki daidai inda fahimtarsa ta karkace, kuma abin da kike nema ke nan.

Malamar Kimiyya:
Salam malamai na dawo da labari bayan sati ɗaya. Na bar na JMatch a matsayin bita nace kowa ya yi iya son ransa ba sai an turo min hoto ba, na mayar dashi na jerin da ke saukowa kamar yadda aka ce, sannan ranar Alhamis na basu na Google Forms sau ɗaya tak. Mutum 9 ne suka cinye duka, amma abinda ya fi min amfani shine teburin, 22 sun kai ruwan ɗaci wajen matsarmama, kuma da na koma littafin darasina sai na ga ashe ni ce ban taɓa bambance musu ba, zanen kawai na nuna na wuce. Ranar Litinin da shi zan fara. Malam mai kula da kwamfuta dan Allah in ka samu lokaci ka nuna min yadda ake haɗa JMatch da JCloze ɗin nan da maɓallin gaba, na gwada yana cewa bai ga shafin ba.

Mai Kula da Ɗakin Kwamfuta:
Ki tabbata shafukan biyu suna cikin folda ɗaya, kuma sunan da kika rubuta a wajen maɓallin ya zama daidai da sunan fayil ɗin harafi da harafi har da .htm ɗin ƙarshe, ki cire tazara a sunan ki bar ƙananan haruffa zalla. Amma in ɗaiɗai kike tura musu a waya zai iya ƙin haɗuwa ko kin yi daidai, domin wayar bata barin burauza ta leƙa fayil na kusa, sai dai a ɗora su a intanet wuri ɗaya ki tura musu adireshin na farkon. Turo min sunayen fayilolin yadda suke in duba.